Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban FIFA, Gianni Infantino, Kan Tsadar Tikiti Da Kujerun Da Ba Kowa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka wannan wasiƙa ne daga Kano, a matsayin wanda ya shafe shekaru yana biyan kuɗinsa domin kallon ƙwallo, wani lokaci a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, galibi kuma a gidan kallo na unguwarmu. Abin da ke tafe da ni shi ne farashin tikitin wasannin da hukumarka ke shiryawa, da kujerun da muke hangowa a talabijin babu kowa a kansu.

Ranar Litinin 16 ga Yuni 2025, muna idar da sallar isha'i muka nufi gidan kallo saboda Chelsea na karawa da Los Angeles FC a Atlanta, a gasar kofin duniya ta ƙungiyoyi. Benci ya cika, yara sun maƙale a taga, mai gidan sai cewa yake a matsa a ba na baya wuri, janareto kuma na ta ruri a bayan katanga. Da kyamara ta haska filin, sai ga jajayen kujeru layi bayan layi, wayam. Wani matashi da ke kusa da ni ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, ashe gidanka ya fi na Amurka cika!" Aka kwashe da dariya, amma ni abin ya tsaya mini a rai. Mutum 22,137 ne suka shiga filin da ke ɗaukar kimanin 71,000. Washegari a Orlando, mutum 3,412 kacal suka kalli Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu tana doke Ulsan ta Koriya ta Kudu.

Ba zan yi maka rashin adalci ba. Wasan PSG da Atletico Madrid ya tara sama da mutum 80,000 a filin Rose Bowl, haka ma wasan ƙarshe a filin MetLife, kuma sanya wasa da ƙarfe uku na rana a ranar aiki yana daga cikin abin da ya hana mutanen Atlanta fitowa. Sai dai babban abin da ya kori jama'a shi ne tsarin da kuka ɗauko na farashi mai hawa da sauka gwargwadon yawan masu nema. Tikiti mafi araha na wasan buɗe gasa tsakanin Inter Miami da Al Ahly ya fara ne a kan dala 349, da lokaci ya ƙarato kuma aka ga babu masaya, sai ya faɗo zuwa dala 55. Na wasan kusa da na ƙarshe tsakanin Chelsea da Fluminense ya sauko daga dala 473.90 zuwa dala 13.40 cikin 'yan kwanaki. Ke nan an iya samun mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, suna kallon wasa ɗaya, alhali ɗayansu ya biya ninki 35 na abin da maƙwabcinsa ya biya, laifinsa kawai shi ne ya yarda da ku ya saya da wuri.

Mun san irin wannan ciniki, domin kullum ana yin sa a kasuwar 'Yan Kaba. Mai tumatir yana tsuga kuɗi da safe, idan la'asar ta yi kuma ya ga kaya za su kwana su lalace, sai ya karyar da farashi ya rabu da su. Tikitin ƙwallo ma haka yake, da zarar alƙalin wasa ya busa usur ya zama takardar banza. Amma masu sayen tumatir suna nan cikin kasuwa, ko bayan layi, da an yi araha za su ji su zo. Naku masu sayen kuwa suna Tunis da Alƙahira da Dakar da Kumasi. Mutumin da ke Nima a Accra, wanda yake son bin Black Stars, tawagar ƙwallon Ghana, zuwa gasar kofin duniya, sai ya biya dala 185 na neman biza, ya jira ranar ganawa a ofishin jakadanci, ya sayi tikitin jirgi, ya kama masauki, ya nemi hutu a wurin aiki, duk wannan watanni kafin wasa. Farashin da ya gani a ranar da yake yanke shawara shi ne farashin da ya shafe shi. Idan ya ga ya fi ƙarfinsa ya haƙura, arahar da za ku yi ana gobe wasa ba ta da wani amfani a gare shi, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan tsari ba ya cika fili da magoya baya. Abin da yake yi shi ne ya tatsi wanda ya fi kowa so, ya sallami na nesa, sannan ya raba ragowar ga duk wanda ya faɗo.

Ga shi kuma irin tsarin kuka ɗauko wa gasar 2026, mai ƙasashe 48 da wasanni 104 a Amurka da Kanada da Meziko. A watan Disamba 2025, da aka bayyana farashin kason da ake ba hukumomin ƙasashe domin magoya bayansu, tikiti mafi araha na wasan ƙarshe ya kama dala 4,185, ƙungiyar magoya baya ta Turai kuma ta lissafa cewa bin tawaga ɗaya daga wasan farko har na ƙarshe zai ci aƙalla dala 6,900. Da ƙorafi ya yi yawa kuka fito da tikitin dala 60, amma kashi 10 cikin ɗari ne kawai na kason kowace ƙasa, wanda shi kansa kashi 8 cikin ɗari ne na filin. A filin da ke cin mutum 70,000, kujeru 560 ke nan ga ƙasa guda. A dandalinku na sake sayar da tikiti kuwa, kuna karɓar kashi 15 daga mai sayarwa da wani 15 daga mai saye, wato hukumar da ya kamata ta hana 'yan bumburutu ta koma cin la'ada a cinikinsu.

Ba haka aka saba ba. A Afirka ta Kudu a 2010 an ware wa mazauna ƙasa tikitin rand 140, a Qatar a 2022 kuma na riyal 40, kimanin dala 11. Su kansu Amurka da Kanada da Meziko, a takardar neman karɓar baƙuncin gasar 2026, sun ambaci tikitin dala 21.

Na san amsar da kuke bayarwa, cewa buƙatun tikiti sun haura miliyan 500, kuma kuɗin da aka samu ana raba shi ne ga hukumomi 211 domin raya wasan. To, buƙata a intanet daban, mutum a kan kujera daban, kuma ko da filayen sun cika, akwai bambanci tsakanin wanda ya zo da ganga da tuta yana waƙa minti casa'in da wanda kamfaninsa ya ba shi tikiti ya zo ɗaukar hoto. Batun kuɗi kuwa, hukumar da ta samu dala biliyan 7.5 a zangon shekara huɗu da ya ƙare da gasar Qatar, take kuma hasashen biliyan 13 a zangon gasar 2026, ba za ta talauce ba don ta bar wa talaka kujerun bayan raga. Kaso mafi tsoka na kuɗin FIFA daga gidajen talabijin yake fitowa, su kuma ba ƙwallo kaɗai suke saye ba, har da ihun jama'a. A 2020, lokacin da korona ta rufe filaye, sai da suka riƙa sanya sautin 'yan kallo na ƙarya domin wasan ya kallu.

Saboda haka nake roƙon ka, ranka ya daɗe, da ka sa a tsayar da farashi guda ga kowane rukunin kujeru, a bayyana shi tun ranar da aka fitar da jadawali, kada ya motsa. A faɗaɗa rukunin dala 60 ya zama kaso na gaske a kowane wasa, a fara ba magoya bayan ƙasashen da ke bugawa, sannan a hana sake sayar da tikiti sama da kuɗin da aka saye shi. Idan kuma dole ta sa aka rage farashi daga baya, a mayar wa wanda ya saya da wuri da bambancin kuɗinsa.

Najeriya ba ta samu gurbi ba a gasar 2026, don haka mu a Kano daga benci za mu kalla, muna mara wa Ghana da Senegal da Maroko baya. Za mu sa ido a bayan raga, mu ga ko masu ganga sun samu shiga.

Wassalam.

Naka,
Wani mai son ƙwallo daga Kano