Amsa ga Malam: bikin girbi ne ko tuna fitowa daga Masar?

Allah ya gafarta Malam,

A taron da ya gabata ka tambaye ni a gaban jama'a: idodin Banu Isra'ila na dā, ibada ce ta tuna yadda Allah ya kuɓutar da su daga Fir'auna, ko kuwa shagalin manoma ne aka yafa masa rigar addini? Lokaci ya ƙure ban amsa ba. Ga amsata: duka biyun ne, kuma an ɗinke su tare da gangan.

Sau uku a shekara ake kiran kowane namiji ya hallara gaban Ubangiji. Idin Ƙetarewa yana faɗowa ranar 14 ga wata na fari a kalandarsu, daidai nunar sha'ir, a yanka ɗan rago, a yi kwana 7 ana cin gurasa marar yisti don tuna gaggawar daren da suka bar Masar. Bayan kwana 50 sai Idin Makonni, na alkama.

Amma Idin Bukkoki ne ya fi ɗaukar hankalina. Ranar 15 ga wata na bakwai yake farawa, wajen Satumba ko Oktoba, bayan an sussuke hatsi an matse inabi. Kada Malam ya auna da kakarmu: a can rani ne yake ƙarewa, ido na kan ruwan sama na farko. To a wannan lokacin, da rumbu ya cika har baki, ake ce wa mutum ya fita daga ɗakinsa ya kwana 7 a bukkar rassa da ganye. Littafin Firistoci na cikin Attaura, sura 23, ya faɗi dalili: don jikoki su san kakanninsu a bukkoki suka zauna da aka fito da su daga Masar. Wato ranar da mai gona ya fi jin kansa, ran nan ake mayar da shi baƙon jeji. Kuma ba shi kaɗai zai ci ba. Maimaitawar Shari'a, wani littafin na Attaura, a sura 16 ta lissafa bawa da baƙo da maraya da gwauruwa cikin masu murnar.

Hadayar ma ba wasa ba ce: bijimi 13 ranar farko, kullum a rage ɗaya, har 7 a rana ta bakwai, jimla 70. Da suka komo daga bauta a Babila, Littafin Nehemiya na cikin Littafi Mai Tsarki, sura 8, ya nuna su suna hawa tuddai yankan rassan zaitun da na dabino, suna kafa bukkoki a kan soraye da tsakar gidajen Urushalima.

A gaida iyali.