Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban ƙungiyarmu ta matasa: ina ƙa'idar kare yara da ka yi alkawari?

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Muna gaisuwa tare da fatan kana lafiya.

Ranar da aka rantsar da kai, a gaban wakilan rassa, ka ce kafin sansanin hutu na gaba za a fitar da rubutacciyar ƙa'ida ta kare yaran da iyaye ke damƙa mana. An tafa maka. Sansanin ya zo ya wuce, wani ma ya biyo bayansa. Abin da muka gani daga ofishinka shi ne sababbin riguna masu tambari da kalanda mai hotonka, kuma sun yi kyau, Allah ya saka. Ƙa'ida kuwa, duk wanda ya tambaya amsa ɗaya ce: tana hannun kwamiti.

To, bari mu sauƙaƙa wa kwamitin. Layi ɗaya muke so ka sa wa hannu tun yanzu: kada wani babba, ko wane ne shi, ya keɓe da yaro ko yarinyar da ba nasa ba a inda ido ba ya kaiwa. Duk inda yara suke, a samu manya biyu waɗanda aka tantance. Yaro a nan shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba, kamar yadda Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ta fayyace. Sashe na 19 nata ya ce a kare yaro daga cin zarafi a hannun iyaye ko a hannun duk wanda aka ba shi kulawarsa. Daga lokacin da uwa ta sauke ɗanta a ƙofar taronmu, mu ne wannan "duk wanda".

Mun nace kan wannan layin ne saboda yadda masu lalata da yara ke aiki. Ba ta katanga suke shigowa ba, da ɗan gari akan ci gari. Mutum zai zo a matsayin ɗan sa-kai, ya fi kowa sammako, ya ɗauki aikin da kowa ke gudu, har a riƙa yabonsa. Sannan ya duba cikin yaran ya zaɓi wanda ba shi da gata: maraya, ko marar abokai, ko wanda kullum ake makara wajen zuwa ɗaukarsa. Sai 'yar kyauta, sai ɗan muƙami a cikin rukuni. Daga nan sai ƙaramin sirri, "kada ka gaya wa sauran na ba ka", don ya gwada ko yaron na riƙe magana. Sai taɓawar da idan an gani za a ce wasa ne. Abin kan ɗauki watanni, kuma kafin a kai ga ɓarna yaron ya riga ya ɗauka shi ma yana da laifi, shi ya sa yake shiru. Kowane mataki a cikin waɗannan yana buƙatar mutumin ya samu yaron shi kaɗai. Idan aka hana keɓewa, an tare masa hanya tun kafin kowa ya san nufinsa. Ƙa'idar tana kuma kare malami nagari daga ƙazafi, domin kullum akwai shaida a gefensa.

Wuraren da ake samun giɓi sanannu ne. Na farko ɗakin kwana. Babba ba ya kwana ɗaki ɗaya ko tanti ɗaya da yara. Nasa yana kusa, inda zai ji kira. Maza daban, mata daban, kuma kada a haɗa ɗan shekara 10 da ɗan 16 a ɗaki guda, domin wani cin zarafin tsakanin yaran ne yake faruwa, babba a kan ƙarami. Zagayen dare mutum biyu ne ke yin sa tare, da tocila, su rubuta lokacin da suka zaga. Banɗaki da wurin wanka a raba na manya da na yara, in kuma guda ɗaya ne a raba lokaci, kuma waya mai kyamara ba ta shiga. Sai mota, wadda aka fi rainawa. An tashi taro, yaro ɗaya ya rage, wani ya ce "bari in sauke shi a hanya". A'a. Manya biyu su zauna da shi a fili har mai ɗaukarsa ya iso, kuma wanda sunansa ke kan takardar izinin iyaye ne kawai ake miƙa wa yaro, ya sa hannu a rajista.

Waya ma ɗaki ce mai ƙofa. Malamin da ba zai iya rufe ɗaki da yarinya ba yana iya tura mata saƙo ƙarfe 11 na dare ba wanda ya sani. Duk sanarwa ta bi ta iyaye ko ta zauren WhatsApp da ke da iyaye da wani babba na biyu a ciki. Saƙon sirri tsakanin mai kula da yaro haramun ne a ƙa'ida, ko da nasiha ce.

Za a ce mana ba mu da isassun mutane. Ga lissafin. Ƙungiyar NSPCC ta Birtaniya, wadda aikinta kare yara ne, tana ba da shawarar babba 1 ga yara 6 masu shekara 4 zuwa 8, babba 1 ga yara 8 masu shekara 9 zuwa 12, da babba 1 ga 10 masu shekara 13 zuwa 18. Ke nan yara 60 'yan shekara 9 zuwa 12 suna buƙatar manya 8. Ɗan shekara 17 da ke taimakawa ba ya cikin lissafin manya, shi ma yaro ne da ake kula da shi. Idan manya 4 kawai aka samu, yara 32 za a ɗauka. Rage yawan yara ba abin kunya ba ne, sai dai hoton taron ba zai cika yadda ofishin yaɗa labarai ke so ba.

Ranka ya daɗe, mun san abin da ake raɗawa: wai fitar da irin wannan ƙa'ida tamkar amsa laifi ne, zai ɓata sunan ƙungiya. Ƙungiyar Sikawut ta Amurka ta bi wannan tunanin shekaru da dama. Ta riƙa ajiye fayilolin sirri na mutanen da ta sallama bisa zargin lalata da yara, sau da yawa ba tare da an kai su ga hukuma ba, wasu ma suka sake shiga ta wani reshe. A 2012 kotu ta sa aka fito da wani ɓangare na fayilolin. A watan Fabrairun 2020 ƙungiyar ta ayyana karyewar arziki, mutum fiye da 82,000 suka shigar da ƙorafin an ci zarafinsu suna yara, aka kafa asusun diyya na sama da dala biliyan 2. Sunan da aka yi ta rufa-rufa dominsa bai tsira ba, yaran ma ba su tsira ba.

Shi ya sa muke roƙonka, don Allah, ka cire maganar "a sasanta a cikin gida" daga bakin shugabannin rassa. Idan yaro ya buɗe baki, wanda ya ji ya saurara cikin natsuwa, kada ya yi alkawarin ɓoyewa, kada ya sa masa magana a baki da tambayoyi irin su "shi ne ya taɓa ka ko?". Ya rubuta abin da yaron ya faɗa da kalmominsa, da rana da lokaci, ya miƙa wa jami'in kare yara a ranar. A janye wanda ake zargi daga cikin yara nan take, ba a jira a tabbatar ba, kuma kada a haɗa su gaba da gaba. Bincike aikin 'yan sanda ne da jami'an walwalar yara. Idan fyaɗe ne, asibiti kafin komai: maganin kariya daga cutar HIV yana aiki ne idan an fara shi cikin sa'o'i 72, kuma wanka ko wanke tufafi na goge shaida. Kwana uku da za a ɓata ana neman dattijon da zai shiga tsakani su ne kwana ukun da likita ke buƙata.

Sai dai wane jami'i za a miƙa wa? Har yau ba ka naɗa ko ɗaya ba, alhali wannan ma yana cikin jawabinka.

Akwai sauran batutuwa. Tantance 'yan sa-kai: katin shaida, mutum biyu da ba danginsa ba da za a kira a tambaye su kai tsaye ko sun yarda a bar shi da yara, da binciken 'yan sanda, ko da yake wannan yana kama wanda aka taɓa kamawa ne kawai. Takardar lafiya da za ta nuna mai asma ko farfaɗiya. Mai ceto a bakin ruwa. Hotunan yara da ake zubawa a Facebook da sunayensu ba izinin iyaye. Waɗannan a bar kwamitin ya ci gaba da zama a kansu.

Amma guda biyu ba sa buƙatar zama ko kasafi. Ka sa hannu kan dokar manya biyu, ka aika wa kowane reshe. Ka naɗa jami'an kare yara biyu, mace da namiji, a buga sunayensu da lambobinsu a kan takardar izinin da iyaye ke cikewa. Idan aka buɗe rajistar sansani na gaba ba a yi waɗannan ba, ba za mu karɓi aikin kwana da yara ba, kuma duk uba ko uwar da suka tambaye mu dalili za mu faɗa musu.

Wassalam.

Daga wasu masu kula da yara a tarukan ƙungiya