Marubutan waya ma suna da haƙƙi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan 'yan mata da matan aure masu rubuta littattafai a waya, waɗanda kullum ake yi wa kuɗin goro a ce batsa kaɗai suka iya.

Na daɗe ina sana'ar hayar littattafan Hausa a nan Funtuwa, tun zamanin da muke zuwa Sabon Garin Kano mu saro, mu bayar naira 5 kwana ɗaya. Da kasuwar ta mutu, mutane suka ce karatun Hausa ya bi ta. Ƙaura kawai ya yi. 'Ya'yan matan da ke aiko mini yara da littafi a naɗe cikin leda, su ne yau ke kwana a WhatsApp da Facebook da manhajar karanta labarai ta Wattpad suna jiran sabon feji.

Ɗiyar ƙanwata na cikin masu rubutun, don haka a gabana ake yi. Sai bayan isha'i, ta sallami maigida da yara, sannan ta zauna taifin da manyan yatsunta biyu har wayar ta ɗauki zafi. In babu wuta, da safe a kai wa mai caji. Takan saki shafukan ɗanɗano kyauta, daidai inda labari ya fara daɗi sai ta ja birki: mai son ci gaba ta biya naira 300 ko 500, ta banki ko katin waya, ta turo shaida a saka ta guruf. 'Yan Nijar da sefa suke biya. Ran da ta makara, saƙonni ne rututu: "Anti, yau shiru?" Masu karatun har gida biyu suke rabuwa, 'yan bayan uwargida da 'yan bayan amarya, a yi ta musu kamar za a ba hamata iska, wani lokacin har su sa ta sauya wa labarin alƙibla. A zamaninmu mai karatu ba ta da bakin magana sai ta wasiƙa, in ma an amsa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sata. Mace ɗaya za ta biya, kafin gari ya waye ta watsa shafin a guruf barkatai. Wani ya harhaɗa littafin ya riƙa sayarwa kamar gadon ubansa. Na yarinyar nan kuwa, wata tasha ce a YouTube ta karance shi kaf da murya, aka cire sunanta, talla na shigowa ana karɓar kuɗi. Da ta yi magana sai aka ce ai tallata ta ake yi. Makaminta ɗaya, layin da take sawa a saman kowane feji: duk wadda ta fitar mini ban yafe ba. Wani zai ce mu ma masu haya kwafi ɗaya muke saye mutum hamsin su karanta. Haka ne, amma mun saya, sunan marubuci na jikin bango, in ya yage kuma mu koma Kano mu sake saye.

Batsa akwai ta, ban musa ba, kuma masu yi su ji tsoron Allah. Sai dai irin wannan zargin aka yi wa littattafan takarda har aka cinna musu wuta a Kano a 2007. Matan da ke shiga gasar gajerun labarai ta Hikayata ta BBC Hausa tun 2016, a ina ake tsammanin da yawansu suka goge?

A watan Maris na 2023 aka sa wa sabuwar dokar haƙƙin mallaka hannu, kuma ta ba mai rubutu ko wata fasaha damar neman a sauke abinsa daga intanet in an ɗora babu izini. YouTube ma na da fom na kai irin wannan ƙara. To wa ya taɓa zaunar da matan nan ya yi musu bayani da Hausa? Ina kira ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa da ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano su neme su ta ƙungiyoyinsu, tunda sunayen ƙungiyoyin na nan a saman kowane shafi. Ku ma, Edita, ku ware shafi guda ku bayyana yadda ake cike fom ɗin nan daki-daki, da hotuna, yadda za a iya tura shi ta waya.

Naku,
Tsohon mai hayar littattafai,
Funtuwa, Jihar Katsina