Rahoton Kwamitin Ƙera Kariyar Tirela Mai Hawa da Sauka

Zuwa ga shugaba da ɗaukacin mambobi, bayan gaisuwa.

Aikin da babban taro ya ɗora wa wannan kwamiti na mutum huɗu ya kammala. Kariyar, wato ƙarafan ɗora dogon kaya a sama, tana kan ƙaramar tirelarmu da mota ke ja, an gwada ta da kaya, har an soma fita da ita. Ma'aji zai kawo lissafin kuɗi a takarda daban. Namu a nan shi ne bayanin aikin ƙarfen: abin da muka ƙera, inda muka yi tuntuɓe, da sharuɗɗan da muke roƙon a kiyaye.

Kowa ya san abin da ya jawo aikin. Akwatin tirelarmu tsawonsa mita 2.4 ne, faɗinsa mita 1.5, bangonsa kuwa bai wuce santimita 40 ba. Buhu da kwali suna zama lafiya lau. Amma da an ce tsani ko dogon katako ko fayif, sai a koma ɗaurin Allah-ya-kiyaye, rabin kaya a ciki, rabi na reto a baya yana neman share titi. Kariya mai tsayi ɗaya da ta wadatar, ba don motoci biyu ke jan tirelar ba. Ƙaramar motar rufinta bai kai mita ɗaya da rabi ba, a-kori-kura kuwa ta fi haka tsayi sosai. Dogon kaya yakan miƙa gaba ya ratsa saman bayan motar da ke ja, saboda haka tsayin da ya ishi ta farko zai sa katako ya doki ta biyu a kwana ko a gangare. In kuma aka yi ta da tsayin babbar, to kullum kaya na can sama ko da babu buƙata. Wannan ne ya sa taro ya ce a yi mai hawa da sauka.

Tsarin da muka tsaya a kai mai sauƙi ne. A kowace kusurwa ta akwatin akwai bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, milimita 50 kowane gefe, kaurin bangonsa milimita 3, tsayinsa santimita 70. Shi muke kira kube. A cikin kowane kube ana zura ƙafa mai tsawon mita ɗaya, ta bututu mai milimita 40. Ƙafafun gaba biyu sandar gicciye ɗaya ta haɗa su da walda, na baya ma haka, sai aka sami abu kamar ƙofa biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Sanduna biyu kuma suka haɗa gaba da baya ta tsawo, waɗannan da noti aka ɗaure su don a iya kwancewa. A jikin kowace ƙafa akwai huji bayan kowane santimita 10, ana soka fin mai kaurin milimita 12 ya ratsa kube da ƙafa, a kulle bakinsa da kilif. Wani daga cikinmu ya so a sa jak mai murɗawa a kowace kusurwa. Mun yi zama guda a kan wannan, daga ƙarshe muka bar shi: jak huɗu nauyi ne, ƙura da ruwa za su ci zarensu, kuma sai an murɗa su daidai wa daida in ba haka ba kariyar ta karkace ta cije. Fin ba ya lalacewa, in ya ɓata kuma a sayo wani.

Ba mu yi walda a jikin shasin tirelar ba ko ɗigo ɗaya. Mai waldarmu ne ya hana, kuma mun ga gaskiyarsa. Shasin an lulluɓe shi da sinadarin zink don hana tsatsa. Zafin walda yana ƙone wannan rufi ya bar ƙarfe tsirara, hayaƙinsa kuma yana sa zazzaɓi ga wanda ya shaƙa. Bayan haka, inda walda ta gitta ƙarfen shasi nan ne tsagewa ta fi son farawa idan ana yawan dukan gargada. Sai muka yi wa kowane kube farantin ƙarfe mai kaurin milimita 6 a gindi, aka ɗaure shi ta ƙasa da noti da bol huɗu masu lambar ƙarfi 8.8, da wani faranti a ƙarƙashi don kada notin ya yage dandamalin akwatin. Sama kuma aka sake kama kuben da bakin bangon akwatin. Duk notin irin mai roba a ciki ne, wanda girgiza ba ta saurin kwance shi.

A takarda aikin kwana uku ne. A zahiri mako uku ya ci, kuma kusan duk jinkirin a wuri ɗaya ya tsaya, wato tsakanin kube da ƙafa.

Cikin kuben faɗinsa milimita 44, ƙafa kuma 40. Tazarar milimita 4 ke nan, muka ce ai wannan ba komai ba ne. Ranar da muka fara zura ƙafar farko, ta tafi kamar taƙi ɗaya ta tsaya cak. Muka buga, ta ƙi. Mai walda ya haska tocila a ciki ya ce mu leƙa: ashe irin wannan bututu naɗe farantin ƙarfe ake yi a ɗinke shi da walda, ɗinkin kuma yana barin wani siririn tudu a ciki daga wannan baki zuwa wancan. A biyu daga cikin kubenmu tudun ya yi kauri, ga kuma ɓurɓushin yanka a baki. Ya ɗaure magagari a kan doguwar sanda, ya zauna ya yi ta gurza, yana zura ƙafar yana zarowa yana duba inda ta goge, har aka sami hanya. Yini guda cur ya tafi a nan.

Da ƙafafun suka soma zamewa sumul, sai matsalar ta juye. Muka ɗaga kariyar zuwa hujin ƙarshe na tsarinmu na farko, inda sandar gicciye ke mita 1.5 daga dandamali, ƙafa kuma santimita 20 kawai ta rage a cikin kube. Ɗayanmu ya kama sandar da hannu ɗaya ya girgiza, sai ga ta tana kai da kawowa kusan santimita 2 kowane gefe, tana ƙara ƙwal-ƙwal. Milimita 4 ɗin da muka raina, tsawon ƙafar ya ninka ta. Mai karatu ya riƙe alƙalami da yatsu biyu daga can gindinsa ya gani yadda ɗan motsi kaɗan ke kaɗa bakinsa. Haka abin yake. Kuma wannan a tsaye ne tirelar take, babu kaya, babu rami. A kan hanya wannan kaɗawa duka ce, kowane bugu yana faɗaɗa hujin fin, yana sassauta ɗaurin kaya.

Abu uku muka yi. Mun manna siraran ƙarfe masu kaurin milimita 1.5 a gindin kowace ƙafa ta fuskoki huɗu, tazara ta dawo milimita 1. Mun huda kusurwar kowane kube kusa da baki, aka yi wa noti walda a kai, ta yadda in aka murɗa bol ɗin ciki zai tura ƙafar ta manne da ɗaya kusurwar. A kusurwa muka sa shi da gangan, don matsi ɗaya ya kashe motsin gaba da baya da na hagu da dama gaba ɗaya. Na uku shi ne wanda ya fi yi wa wasu mambobi ciwo: mun soke hujin ƙarshe. Yanzu tsayi biyar ne kawai, daga mita 1 zuwa mita 1.4 a kan dandamali, kuma ko a mafi tsayi santimita 30 na ƙafar yana cikin kube. An shafa jan fenti a daidai wurin. Duk wanda ya ga ja ya leƙo daga bakin kube, ya wuce iyaka.

A lura, bol ɗin kusurwa aikinsa kashe girgiza ne kawai. Fin ne ke ɗauke da nauyi. Kada wani ya ce fin ya ɓata amma ai na matse bol.

Kuskure biyu namu ne na kwamiti, ba na mai walda ba, kuma gara mu faɗe su da bakinmu. Hujin ƙafafu biyu na farko da tef da alli muka auna, kowace ƙafa daban, muna sauri. Da aka haɗa, huji ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsayi da kusan milimita 5, fin ya shiga dama ya ƙi shiga hagu. Sauri ya haifi nawa, ƙafa biyu suka tafi a banza. Daga nan muka huda wani faranti guda ya zama ma'auni, ana matse shi a jikin kowace ƙafa a bi hujinsa, bakin diril milimita 13 don fin ya sami ɗan sarari. Na biyu kuma fenti ne. Mun shafa jan fenti mai hana tsatsa, muka bi da baƙi har sau biyu, har da sashen ƙafar da ke shiga kube. Washegari ƙafafun suka liƙe kamar an zuba musu danƙo. Dole muka kankare wannan sashe muka bar shafi ɗaya siriri, aka bi da giris. Mun kuma huda ƙaramin rami a gindin kowane kube don ruwan sama ya tsiyaye, aka toshe bakunan sandunan da murfin roba.

Inda ƙafa ta haɗu da sandar gicciye an sa ƙaramin faranti mai kusurwa uku. Kafin walda ta ƙarshe an ɗiɗɗiga tukuna, aka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta gicciye biyu har suka zo daidai, domin zafi yana jan ƙarfe, kuma ƙofar da ta karkace ko kaɗan ba za ta zame cikin kube biyu a lokaci ɗaya ba.

Sai maganar nauyi, wadda ita muka fi son mambobi su riƙe. Farantin da ke jikin tirelar ya nuna kilo 750 ne iyakarta, da ita da kayanta, kuma ba ta da birki na kanta. Babu kaya ta auna kilo 230. Kariyar ta ƙara kilo 54. Abin da ya rage na kaya kilo 466 ke nan, ba abin da aka saba lodawa da ba. Kuma ba duka ne zai hau sama ba. Ƙa'idojin ɗaure kaya na Turai da na Amurka duka suna lissafa cewa in aka taka birki da ƙarfi, kaya na iya tunkuɗowa gaba da ƙarfin da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyinsa, a kwana kuma ya tura gefe da rabin nauyinsa. Katako mai kilo 150 zai tura sandar gaba kamar an rataya mata kilo 120 ana ja, kuma daga can ƙololuwar ƙafa, inda ƙarfin ya fi murɗa gindi.

Mun yi gwaji a fili marar jama'a da katako kilo 150. A huji na ƙasa tirelar ta bi mota tiryan-tiryan. A na sama, akwati babu komai, direba ya ce yana jin ta tana jingina a kwana, mu da ke tsaye kuma mun ga tayar ciki ta yi sakayau. Da muka zuba buhunan yashi huɗu a dandamali, ɗan gaba da tayoyi, sai ta natsu. Bayan gwajin mun duba walda ɗaya bayan ɗaya, babu tsaga. Noti biyu na gindi sun ɗan saki, aka ƙara matse su.

Saboda abin da muka gani, kwamiti ya yanke cewa kada kayan sama su wuce kilo 120 a huji uku na ƙasa, kilo 80 a biyu na sama. An rubuta wannan da farin fenti a sandar baya. Mai nauyi ya zauna a dandamali, mai tsawo marar nauyi ya hau sama. A yi lodi yadda nauyi zai ɗan rinjaya gaban tayoyi, don tirelar da bayanta ya fi nauyi ita ce ke yin lilo in an ɗau gudu. A zaɓi mafi ƙanƙantar tsayin da kaya zai tsallake motar. Kada a taɓa ɗaure kaya ɗaya a jikin tirela da jikin mota tare, kwanar farko za ta karya wani abu. Abin da ya leƙa baya a ɗaura masa jan ƙyalle, direba kuma ya san iyakar da dokar hanya ta yarda kaya ya leƙa a inda zai bi.

Ɗagawa da saukewa aikin mutum biyu ne, kuma sai an sauke kaya. A kwance sandunan tsawo, a saki bol, a zare fin, kowa ya kama ƙafa ɗaya a ɗaga tare. Mun gwada da mutum ɗaya, ƙofar ta karkace ta cije, sai da guduma.

Abu ɗaya ya rage wanda ba mu yi ba: roba a saman sandunan gicciye don kada fayif ya zame ko katako ya goge. A yanzu tsohuwar tayar keke muka yanka muka naɗa. Muna ba da shawarar a sake duba dukkan noti bayan fita uku na farko, daga nan kuma duk wata. Fin biyu na ajiya da sifana mai lamba 17 suna cikin ƙaramin akwatin da ke gaban tirela, mabuɗinsa kuma mun miƙa wa mai kula da kaya.

Sakataren kwamiti, a madadin sauran mambobi uku.