Ɓeran Alola da maganar baƙonku na shirin fasaha

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki. Na saurari shirinku na fasaha inda baƙonku ya ce wai gem, wato wasan bidiyo, ba abin da yake koya wa yara sai ɓata lokaci, har ya yi wa gem ɗin Pokémon dariya wai wasan ɓeraye ne kawai. To ɓerayen nan nake so in yi magana a kai.

Akwai wani ɓera a wasan ana ce masa Rattata, tun gem ɗin farko da ya fito a Japan a 1996 yana ciki, ɗan ƙarami ne mai dogayen haƙora, kowa ya raina shi saboda ko ina ka shiga ciyawa shi kake fara karo da shi. A 2016 sai kamfanin Game Freak ya fitar da Pokémon Sun da Moon, suka kai labarin wasu tsibirai da suka kira Alola, kuma tsibiran Hawaii na Amurka suka kwaikwaya. A can Rattata baƙi ne, da dare kawai yake fita. Me ya sa? Labarin wasan ya ce ɓerayen sun yi yawa sai mutane suka kawo wata dabba mai kama da tunku, Yungoos, daga wani wuri ta cinye su, ɓerayen kuwa suka gudu cikin gari suka koma yawon dare, ita Yungoos da rana take farauta, ka ga ba sa ma haɗuwa balle a ci wani.

Wallahi wannan ba ƙirƙira ba ce zalla. A 1883 masu gonakin rake a Hawaii sun shigo da tunku don ya kashe masu ɓeraye, amma tunku na rana ne ɓera na dare, sai tunkun ya koma cin ƙwan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa, har yanzu suna fama da shi. Kuma a cikin gem ɗin da gaske idan ka shiga ciyawa da rana Yungoos za ka gani, da dare Rattata, wato yaro da hannunsa yake gano abin tun kafin wani malami ya faɗa masa.

Ni ban ce a bar yara su kwana da waya a hannu ba fa, wannan kam iyaye su sa ido, nima ina ƙwace ta ƙannena in lokacin karatu ya yi. Amma mutumin da bai taɓa buga abu ba bai kamata ya zo rediyo ya yanke masa hukunci ba. Don Allah wani karon ku haɗa shi da matashin da ya san harkar su yi muhawara, mu masu sauraro mu ji ɓangare biyu.

Naku, mai sauraro daga Zariya.