Mai sharhinku bai duba fitilu da tsarin dandamali ba

Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhin da kuka buga kan wasan kwaikwayon da ɗaliban wata kwaleji suka gabatar a ƙarshen zangon karatu. Ni ma ina cikin zauren a daren farko, a layi na uku daga baya. Mai sharhin ya yaba wa 'yan wasa, kuma sun cancanta. Sai dai bai ce uffan ba kan tsarin dandamali da fitilu, alhali a nan ne wasan ya yi tuntuɓe, a nan ne kuma ya miƙe. Na shafe shekaru ina rataya fitilu da kafa dandamali wa ƙungiyoyin wasa, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

An zana wani babban labule a baya, hoton falon mai hali da tagogi da labulayensu, kuma da gani ka san wanda ya zana shi ya sha wahala. Amma kusan duk fitilun a saman kan 'yan wasa aka rataye su, haske na zubowa kai tsaye daga bisa. Yarinyar da ta fito a matsayin uwa sai idanunta suka koma ramuka biyu baƙaƙe, inuwar hancinta ta rufe leɓenta. Inda take roƙon ɗanta kada ya bar gida, muryarta ta iso mu har baya, fuskarta ba ta iso ba. Labulen kuwa tas muke ganinsa, har ƙusoshin da aka kafa shi da su. Ga shi an sa mata farar riga a gaban bango mai haske, sai ta kusa ɓacewa a cikinsa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganin wannan ba sabo ba ne. Tun 1932 Stanley McCandless, malami a Jami'ar Yale ta Amurka, ya tsara yadda ake haska ɗan wasa daga gaba da fitila biyu, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, kowacce a karkace kamar digiri 45, ɗaya mai launi mai ɗumi, ɗaya mai sanyi, don fuska ta fito da tudunta da kwarinta. Ba sai an sayi komai ba. Da an sauko da fitila huɗu daga saman an dawo da su gaba, da mun ga hawayen yarinyar nan.

Sauyin fage ma ya ci lokaci. Sau biyar aka kashe wuta don a fitar da kujeru a shigo da gado, wani sauyin har ya kai minti huɗu a agogona. Kafin a dawo, rabin zauren ya kunna waya, hankalin da 'yan wasa suka tara da ƙyar ya watse.

To amma fage na ƙarshe, Edita, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. An ja labulen nan an kawar da shi. Benci guda kawai aka bari, da fitila guda a ƙasa daga gefen hagu. Uwar na zaune, ɗan ya dawo bayan shekaru, sai inuwarsa ta miƙe a kan dandamali ta taɓa ƙafarta tun shi bai ƙaraso ba. Ta kalli inuwar kafin ta ɗago kai. Zauren ya yi tsit, har numfashin na kusa da ni nake ji. Wannan shi ne abin da Adolphe Appia, mai tsara dandamali ɗan ƙasar Suwizalan da ya rasu a 1928, ya daɗe yana faɗa: zanen da ke shimfiɗe a bango yana rigima da jikin ɗan wasa mai motsi, haske da matakala da fili su ne ke ba shi wurin tsayawa. Ɗalibin da ya ajiye fitilar nan a ƙasa ya gane wannan, ko a aji ya koya ko da idonsa ya gano.

Na nemi sunansa a takardar shirin da aka raba mana a ƙofa, ban samu ba. Sunayen 'yan wasa duk suna nan, da na malamin da ya shirya wasan, amma masu fitila da masu kafa dandamali da masu ɗinka kaya babu ko ɗaya. Ina roƙon kwalejin ta gyara wannan a wasa na gaba. Mai sharhinku kuma, idan ya sake zuwa, ya gwada zama a layin baya ko can ƙarshen gefe, inda ake gane ko an haska fuska ko ba a haska ba, sannan bayan an tashi ya leƙa bayan dandamali ya tambayi wanda ya ajiye bencin nan.

Naku,
Wani tsohon mai aikin fitilun dandamali