Malam, Fortran nake son koya amma Yayana ya hana

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibi ne ɗan ajin ƙarshe a sashen fiziks, akwai abin da ya tsaya min a rai nake so ka ba ni shawara dan Allah.

Malamin da ke duba firojat ɗina ya ba ni wata tsohuwar manhaja ta lissafin yadda zafi ke ratsa ƙasa, da Fortran 77 aka rubuta ta, wato wani tsohon yaren rubuta manhajar kwamfuta, ya ce in gyara in faɗaɗa. Abokaina sai dariya suke wai yaren kakanni ne, Yaya kuma wanda shi ke biya min kuɗin makaranta ya ce kar in ɓata lokacina, in roƙi malamin a canza min in koyi Python, yaren manhaja na zamani, tunda shi ake nema a wajen aiki.

To ni kuma da na bi asalin yaren wallahi sai ya shiga raina. A ƙarshen 1953 ne John Backus, ma'aikacin kamfanin kwamfuta na IBM a Amurka, ya kai wa manyansa shawarar a samar da hanyar da masanin kimiyya zai rubuta lissafinsa kusan yadda yake rubutawa a takarda, kwamfuta ta juya shi zuwa yaren inji da kanta, domin a lokacin komai sai an bi umarni ɗaya bayan ɗaya da hannu, ga wahala ga kuskure ga kuɗin da ake kashewa kan masu rubutun har yana kamo kuɗin injin kansa. Ƙwararrun lokacin da yawa ba su yarda ba, a ganinsu duk abin da inji ya fassara tafiyar hawainiya zai yi. Shi ya sa Backus da mutanensa, cikinsu har da mace ɗaya Lois Haibt, suka zuba ƙarfinsu kan saurin abin, sai a Afrilun 1957 Fortran ya fito don kwamfutar IBM 704, kuma ya yi gudu kusan daidai da rubutun hannun gwanaye. Daga nan Fortran II ya biyo a 1958, a 1966 aka kafa masa ƙa'ida ɗaya ta bai ɗaya.

Abin da ya fi taɓa ni Malam, a kan kati mai huji suke rubutu, layi ɗaya kati ɗaya, gurbi 1 zuwa 5 na lambar layi, na 6 alamar ci gaban layin da ya gabata, umarni daga 7 zuwa 72, kuma manhajar da ke hannuna yau a haka take jere ba ragi ba ƙari. Idan na buɗe ta sai in ji ina fahimtar dalilin kowane abu, ba haddar lakca kawai ba.

Na gaya wa Yaya cewa shi kansa Python ɗin idan lissafi ya yi nauyi kan LAPACK yake jingina, wato wani kundin manhajojin lissafi wanda da Fortran aka rubuta, kuma manyan manhajojin hasashen yanayi har gobe da shi suke aiki. Ya ce tarihi ba ya sa tukunya a wuta, akwai ƙanne a bayana. Gaskiya ba na ganin laifinsa ko kaɗan, na san irin wahalar da yake sha a kanmu, kuma ba na son ya ɗauka raini ne.

Shin in tsaya kan Fortran in gama firojat ɗin sannan in kama Python lokacin bautar ƙasa, ko in bi maganarsa tun yanzu? In kuma tsayawar ce ta fi, ta yaya zan tunkare shi da maganar ba tare da ransa ya ɓaci ba, ko in sa Umma a tsakani?

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Mai sauraronka a kullum, daga Zariya.